Cibiyar Nimatu

Kowa a layin yana da dalilinsa na ƙin ginin nan da ake shirin yi. Mordecai, tsohon direban bas ɗan Jos kuma shugaban masu ƙi, kukan rana yake yi: wai idan aka miƙe benaye masu hawa ashirin a filin tsohuwar masana'antar kujeru, shanyarsa ta gama bushewa ke nan har abada. Turkawan kan kwana, wurin ajiye mota ne damuwarsu. Awawu kuwa, tsohuwar da ba ta taɓa ɗaga murya ko a kan direban da ya wuce ta a tasha ba, ita ce kan gaba da kwalinta na zanga-zanga duk Asabar, kuma ba wanda ya san abin da ya zafe ta.

Daga tagar kicin ɗinta a Edmonton ta arewacin London filin yake farawa. Bayan la'asar takan zauna da shayi, ta zuba masa ido har barci ya soma satar ta. Furanni masu ruwan goro sun cinye tsohon bango, yanyawa na miƙa a kan simintin da ya tsage, hazon kogi yana tasowa a hankali. A tsakanin barci da ido biyu sai filin ya koma mata zangon Kumasi. Takan ji dakan sakwara, ta ga kakarta zaune gindin wata bishiyar tuffa, abin da ko a mafarki kakar ba ta taɓa gani ba.

Bishiyar ce maganar. Shekarar da ta haifi Nimatu, da cibiyar jaririyar ta faɗi, ungozomar asibiti ta ce a jefa a shara. Shara fa, cibiyar mutum guda! A gida kakarta takan ce ɗan da aka yar da cibiyarsa ba ya zama wuri ɗaya, wanda aka binne tasa kuwa ko ina ya je sai ya dawo. To ina mai zama a flat a saman bene za ta samu bayan ɗaki? Ta ƙulle abarta a ƙyalle, ta kutsa ta ɓular shingen wayar filin da safe, ta tona rami da cokalin miya a gindin wani ɗan tsiro, ta yi bismilla ta rufe. Tsiron nan ne ya zama bishiya.

Amma ga shi Nimatu ba ta zauna ba. Tsadar haya ta kore ta da 'ya'yanta biyu can wani gari a arewacin ƙasar, sai an hau jirgin ƙasa biyu. Jikokin sai Sallah sai Sallah, kuma kullum sun ƙara tsawo ba da saninta ba. Abin yana cin ran Awawu. Lissafinta ɗaya ne: idan cibiya na ƙasa yarinya ta yi wannan nisa, ranar da katafila ta tono ta, ai shi ke nan, ta rasa 'yarta.

Ranar da council, hukumar yankin, za ta saurari jama'a, sai ga Nimatu da jakarta. Awawu ta yi ta murna, ta zaci taya ta aka zo yi. Nimatu ta daɗe tana kallon kwalin da ke jingine a bayan ƙofa, sannan ta yi bayani a hankali, rabi Hausa rabi Turanci, yadda ta saba. Wani kaso na gidajen, in ji ta, na haya mai sauƙi ne, kuma 'yan unguwa za a fara dubawa. Ta daɗe a layin masu jira. Ba tabbas, amma ba ta da wata hanyar dawowa London sai wannan.

Awawu ta ja ta zuwa taga, ta faɗa mata abin da ko marigayi mijinta bai sani ba, har da cokalin.

Nimatu ta tambayi wace bishiya, aka nuna mata. Iska na kaɗa ganyen kamar ana yi musu hannu.

"To, Mma," ta ce, "ai ta yi aikinta. Ga ni ina ta son dawowa. Ke ce kika tare ƙofa."

A zauren taron Mordecai ya yi jawabinsa na shanya, aka tafa. Da ya ce masu ƙi su ɗaga hannu, ya juyo yana murmushi wajen Awawu, don ita ce ba ta taɓa ba shi kunya ba. Hannuwanta na kan cinya. Ta san za a sare bishiyar, ta san rana za ta daina shigo mata kicin, ta kuma san Mordecai ba zai sake gaishe ta da fara'a ba. Duk sun yi mata ciwo.

Ta karkato wajen 'yarta ta yi ƙasa da murya.

"In sun ba ki zaɓi, ki ce na ɓangaren bishiyar. Mai taga ta wajena."