Ƙafar Pak Kasnadi

Rumini ta fisge gorar daga hannun yayanta a ƙofar ɗakin asibitin da aka kwantar da mahaifinsu, ta shinshina. Ruwan teku ne.

"Mas Wardoyo, kanka ɗaya kuwa? Har asibiti ka biyo shi da wannan?"

"Shi ya aike ni," ya ce yana kallon ƙasa.

Jiya da safe kaguwa ta datsi mahaifinsu, Pak Kasnadi, a diddige yana jan raga a tafkin jatan lande. Raunin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Wardoyo ya yi abin da kowane masunci yake yi a ƙauyensu, ya kai shi bakin teku ya tsoma ƙafar, wai gishiri ya cinye ciwon. Alhali tsohon ya shekara goma sha ɗaya yana fama da ciwon suga. Kafin gari ya waye ƙafar ta kumbura suntum, bororo baƙi ƙirin ya hau har gwiwa.

Likita ba ta ɓoye musu komai ba. Ƙwayar cuta ce ta cikin ruwan, mai lafiya yakan tsira, mai suga kuwa cinye shi take. Ko a yanke ƙafar kafin azahar, ko a shirya likkafani. Zazzaɓi ya fara juya wa tsohon kai, dole ɗayan 'ya'yansa ya sa hannu a takardar amincewa.

Wardoyo, ƙato guda, sai ya ɓoye hannuwa a aljihu. Wannan ya fi komai ƙona wa Rumini rai.

"Kai ne babba wajen rabon kifi. Yau kuma ka zama ƙanena?"

Ta shiga ciki. Tsohon yana rawar sanyi, amma bakin nan nasa yana nan.

"Shekara hamsin teku na wanke min ciwo, Rumini. Masunci mai ƙafa ɗaya kika taɓa gani? Ku ba ni ruwana."

"Ruwan naka ne ke cin ka, Pak."

"In kika taɓa takardar nan, ba zan yafe miki ba."

Ta karɓi biro daga hannun nas, ta dafa takardar a gefen gadonsa, inda zai gani da idonsa.

"Kar ka yafe," ta ce tana rubuta sunanta. "Ka dai tashi gobe ka maimaita min."