Kujerar Giwa

A gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, wannan ma da ƙyar na bari ya fito.

Jirgin sama ne ƙarami, mai farfela biyu, irin wanda kafin shayi ya huce an sauka. Idan fasinjoji ba su cika ba, sai ma'aikaciya ta bi layi tana duban mutane, ta ɗauko mai jiki daga baya ta mai da shi gaba, don kada nauyi ya rinjayi wutsiya. Shekara da shekaru Baba ake ɗaukowa. Yakan hau shi zuwa gyaran injinan ruwa, har ma'aikatan suka sa masa suna Giwa.

Yau daga asibiti 'yarsa Auta ta ɗauko shi, za su gida. Likita ya ce a kai shi ya huta, ita kuwa ta gane abin da ake nufi. Tun da ciwon ya fara cin sa take rage masa riguna a ɓoye, tana matsar da maɓalli, don kada ya ga yadda ya ƙare.

"Kar ki ɗaura mini bel ɗin nan tukuna," in ji Baba. "Yanzu uwar ɗakina za ta zo ta tashe ni."

Ma'aikaciyar ta zo kuwa, ita ce dai ta da, da ɗan hakinta na kullum. Idonta ya bi ta kansa ya wuce.

Baba ya gyara zama, ya buɗe kafaɗu. "Ba ta gan ni ba ne."

Auta ta miƙe kamar mai neman ruwa, ta cim mata a baya. Ta ce, "Anti, don Allah, wancan mai hular Giwa ne. Ki ce ya koma gaba."

Matar ta leƙa, ta rufe baki da hannu. Sai ta goge fuska, ta taho da ƙarfinta.

"Giwa! Ashe ɓuya kake yi mini? So kake ka kifar mana da jirgi? Tashi!"

"Ke dai ba kya barin bawan Allah ya huta," in ji Baba, bakinsa har kunne. Ya tafi yana dafa kujeru ɗaya bayan ɗaya.

Amma jirgi bai san kara ba. Ma'aikaciyar ta sunkuya wajen wani ƙato, ta yi masa raɗa, shi ma ya tashi ya je ya zauna kusa da Baba. Daga baya Auta ta hango Baba ya juya ya dubi mutumin, ya daɗe yana duban sa. Sannan ya ɗaga hannunsa, agogonsa ya zame har kusa da gwiwar hannu.

Da suka sauka ta riƙe shi a matakala. Bai dube ta ba ya ce, "Auta, ki bar ɗinkin nan haka, idonki zai lalace."

Matuƙin jirgin ya fito yana kiran "Giwa, Giwa!" Masu ɗaukar kaya suka kewaye shi, ana ta shewa, Baba na mayar musu da tsiya. Auta ta saki hannunsa a hankali, ta zagaya bayan keken akwatuna. Ba wanda ya waiwaya.