Kwanon Malam Isiyaku

Rahinatu ce ta fara zancen tashi daga birni, kada wani ya ce muku mijinta ne. Shi Alhaji Hadi da an ƙyale shi, a Ƙofar Marusa zai tsufa yana gyangyaɗi a zaure. Ita ce ta sa shi gaba tun ran da ya yi ritaya: hayaƙin janareto ya ishe ta, ƙarar Keke Napep ta hana ta barcin rana, yaran nan Nabil da Halimatus Sa'adiyya kamar da waya a hannu aka haife su. Ga gonar gado can gefen Ajiwa, ga ruwa, ga iska. Shekara biyu tana naci har aka gina ɗaki huɗu, aka haƙa rijiya, gidan birni kuma aka bar wa wani ɗan kasuwa ya zuba siminti.

Maganar kwano kuwa ba mantawa ta yi ba, kau da kai ta riƙa yi.

A layinsu maza huɗu ke ciyayya a zauren Alhaji bayan magariba, kowa ya fito da kwanon gidansa a haɗu a ci. Cikinsu akwai Malam Isiyaku, maƙwabcinsu na jikin katanga, tsohon mai ɗinkin hannu da ido ya yi wa rauni har allura ta gagare shi. Shekara shida ke nan matarsa Hure na miƙo kwano ta wata kafa a katangar bayan madafa, Rahinatu ta cika shi ta mayar. Malam ya ɗauko ta ƙofar gidansa, ya zagayo da shi, ya ajiye gaban mutane da kansa a sama. A saninsa cinikin daddawar Hure ne ke riƙe da su. Alhaji ma bai sani ba. Sau nawa yana shigowa yana sakace haƙori yana cewa, "Rahinatu, don Allah ki je Hure ta koya maki miyar kuka." Tukunya ɗaya fa, jama'a!

Saura kwana tara a tashi, Rahinatu ta tsaya a bakin kafar, kwano a hannu.

"Hure, Asabar ta sama ce hwa."

"Na ji. Allah ya sa alheri. Ki ci mana tumatir."

"To kwanon..."

"Wanda ya tsaga baki ba ya hana shi abin sawa," in ji Hure. "Abu ɗaya na roƙe ki. Yadda muka rufe shi mu biyu, ki tahi da shi a rufe."

Rahinatu ta ce to. Amma tana naɗe tabarmi tana ganin Malam ya fito hannu biyu babu komai, ko ya ƙi fitowa a yi ta cigiyarsa. Ta yi tunanin aiko hatsi, sai ta tuna hatsi ba ya dafa kansa, kuma Malam zai tambaya daga ina. Ita ta ƙulla tafiyar nan don ta sha iska, ga shi wani zai sha kunya a kanta.

Ana jibi tashi ta yafa mayafi ta shiga gidan Hajiya Ummukulthum, wadda katangarta ke jingine da ta Hure ta ɗaya gefen. Hajiya Ummu tana da babbar tukunya da buɗaɗɗen hannu, sai dai bakinta rariya ne, kuma Rahinatu ta fi kowa sani, don tare suke tankaɗe labaran unguwa. Duk da haka ta faɗa mata, ta sa ta rantse.

"Ni? Haba Rahinatu! Cikina kabarinsa. Shekara shida? Kai, ke ma dai muguwa ce, ko ki ɗan ɗanɗana mani."

Ranar Asabar mota ta ɗebe su. Ƙauye kuwa ya karɓe su, abin da ya ƙara mata nauyi ke nan. Yara suka yar da waya suka bi zabi, Alhaji ya koyi ɗaure akuya, ita ta dasa zogale tana barci har da minshari. Hajiya Ummu ta cika alkawarin kwano, Hure ta karɓa don ba yadda za ta yi, ciyayya ta koma zauren Alhaji Almu, mijin Hajiya Ummu.

Mako na uku waya ta yi ƙara. Hajiya Ummu ce, tana kuka tana zagin mijinta. Ita dai shi kaɗai ta gaya wa, don kada ya ga shinkafa na saurin ƙarewa. Shi kuma bawan Allah, ya kai loma daga kwanon Malam Isiyaku ya ɓata fuska ya ce, "Yau ma ta cika gishiri. Na gaya mata Malam ba ya so, ka yi haƙuri Malam." Malam ya wanke hannu, ya lalubi takalmansa, ya je ya tambayi Hure tun yaushe. Ta faɗa masa gaskiya.

Ranar Juma'a Rahinatu ta sa Alhaji ya kai ta birni, wai za ta gaida mutane. Ta ɗora buhun wake da kwandon ƙwan zabi. Ya tsaya a mota, aka shigar mata da kayan gidan Hure.

Hure ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, irin ta baƙi.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ina gajiya? Ya Alhaji? Ya yara? Ya baƙunta? Ya ruwa can wajenku?"

Tunda suke ba ta taɓa ce mata Hajiya ba. Rahinatu ta amsa ɗaya bayan ɗaya, idonta na kan labulen ɗakin Malam. Tari ta ji a ciki, labulen bai motsa ba.

"Ba ya hita ne?"

"Asuba kaɗai, kafin a gane fuska. Ya ce in kin zo a yi maki godiya, ta shekara shida. Ya ce da ya sani da tuni ya yi."

"Hure, wallahi tsoro na ji kada ku kwana da yunwa."

"Da yunwar ce, ai mun san yadda za mu yi da ita." Hure ta gyara bakin tabarmar da ba ta karkace ba. "Abu ɗaya na roƙe ki."

Rahinatu ta nuna buhun da kwandon.

"Allah ya saka da alheri. Malam ya ce duk abin da ya shigo gidan nan daga yau, sai ya san hannun da ya nemo shi. Ki kai wa mabuƙata."

Haka aka fito da kayan aka mayar bayan mota. Alhaji ya dubi buhun, ya dube ta.

"Ba su nan ne?"

"Suna nan."

"To?"

"Ja motar, Alhaji. In mun hita gari na gaya maka."

Suka fita gari, suka bar kwalta suka hau burji, ƙwai na ƙaras-ƙaras a cikin kwando. Sau biyu yana rage rediyo yana jira. Har suka hango rufin sabon gidansu Rahinatu ba ta fara ba.