Safar Dungu

…ba ƙarfen ba ne. Haka ta ce. Ba ƙarfen ba ne, safar ce.

Na ji da kunnena. Barista ta sa bayan hannu ta ture gwiwar ƙarfen gefe, gwiwar da mijina ya shekara huɗu yana yi, ta ture ta kamar kofin da aka gama shan shayi, sai ta ɗauki safar. Safata. Wadda na saƙa wa dungun ƙafar Baba. Tana juya ta, tana leƙa cikinta, tana ja ta ga yadda take komawa.

"Injiniya, kar ranka ya ɓaci. Gwiwar nan an riga ka. Wani ya yi rajistar irinta a wata ƙasa shekara goma sha ɗaya da suka wuce, har sifirin ɗin iri ɗaya. Amma wannan, mun bincika ko'ina, babu irinta. A kanta za a ba da takardar mallaka."

Ba ma don safar ya zo ba. Mantawa ya yi da ita a cikin kofin ƙafar robar, inda dungun yake zama, ranar da ya kawo musu su duba. Kwana biyu ina nemanta a gida.

Ofishin nan sanyi. Teburin na gilashi ne, ina ganin ƙafafuna ta cikinsa, ina ganin nasa. Ya goge takalmi da safe. Ƙafarsa ta dama sai rawa take yi.

Sharaɗi ɗaya, in ji ta. Tana karantawa a hankali, tana mayarwa da Hausa saboda ni: ba a taɓa bayyana wa jama'a ba. Ba a sayar ba, ba a nuna ba, ba a koyar ba. Idan aka sa hannu, daga baya aka gano an yi, takarda ta mutu, kuma wanda ya sa hannu ya yi shaidar ƙarya.

"Babu wanda ya gani," in ji shi. Ko numfashi bai ja ba. "Daga ni, sai surukina, sai ita."

Ba a koyar ba.

Mata bakwai. Na koya wa mata bakwai.

Wayyo Allah… Zauna daidai. Kar ki taɓa mayafi, idan kin taɓa mayafi ya san akwai magana.

Amma ai ƙarfen kawai ya hana a nuna! Ƙarfen ya ce sirri ne. Ranar da ya fara kawo shi gida a naɗe cikin tsohuwar riga, hannunsa duk giris, ya rufe ƙofa, ya rufe taga, ya ce Amarya — shekara uku da aure har yau Amarya — wannan ko Yayarki kar ta gani. Na ce to. Kuma na riƙe. Wallahi na riƙe. Yaya ta zo ta zauna a kan akwatin da yake ciki, tana cewa wai me Injiniyan naku yake ɓoyewa ne, jirgin sama yake ƙerawa? Na ce kayan aiki ne. Har ta tafi ban ɗaga ido ba. Maƙwabciya ta tambayi ƙarar da take ji, ƙir-ƙir-ƙir tun da asuba, na ce ƙofa yake gyarawa. Ƙofa ɗaya, wata takwas. Ta ce lallai ƙofar nan ta Aljanna ce.

Safa fa? Wa ya ce safa sirri ce? Tsumman nan naki, haka yake kiranta. Ɗauke tsumman nan naki daga kan teburina, zare yana shiga min cikin boris ɗin gwiwar.

Barista tana danna kwamfuta. Farcenta gajere, babu lalle. Ta ce a ba ta minti biyar ta gyara takardar. Minti biyar. Agogon bango ba shi da lamba, sanduna ne kawai, yaya mutum zai san ko biyar ta cika?

Na tuna Baba a bakin gado, ya cire ƙafar robar ya jingine ta da bango, yana kallon bango shi ma. Ciwon suga ya ci tasa har sama da gwiwa. Gwiwar ƙarfen tana aiki, ba ƙarya, tana lanƙwasa, tana miƙewa, ba ta ƙara. Amma dungun… Safar asibiti tana da ɗinki a baki, daidai inda ƙashin ya tsaya. Taku ashirin, fata ta saluɓe. Gumi ya taru a kofin, ya jiƙa gyambon, wari. Baba ya ce ku bar ni da sandata, yaron nan ya yi ƙoƙari, amma ƙafa ba ta son baƙo. Shi kuma ya koma gareji ya sake fiƙe ƙarfe. Kullum ƙarfe. Ya rage nan, ya ƙara can, har injin ya tafi masa da kan yatsa. Bai taɓa durƙusawa ya kalli dungun ba — ba laifinsa ba ne, surukinsa ne, da kunya. Ni nake wankewa. Ni na san inda yake ja, inda yake baƙi, inda Baba yake cije leɓe idan tawul ya wuce.

Sau tara na warware. Na fara daga tsakiya, ina zagayawa, don kada a sami ɗinki. Zaren auduga a ciki, mai roba a waje, a saƙa su tare a kwarashi ɗaya. Ƙananan ramuka a jere kamar saƙar zuma, su bi gefe su hau sama, gumi ya sami hanya. Wajen ƙashin kuma ninki uku, amma a bar tsakiyar fayau, ƙashin ya zauna a rami, kada ya taɓa komai. Wannan ne ƙirƙira? Wannan? Ni da na tsaya a aji shida? Ni dai na ga Baba yana cije leɓe ne.

Ƙirƙira ai sai da zane. Sai da lissafi, da takardu masu layi-layi irin nasa. Ƙirƙira tana da nauyi, idan ta faɗi ƙasa ana ji.

"Ke 'yar nan mai shiru kamar an aiko ki da gawa, mece ce wannan a ƙafar tsohonki?"

Wata mata ce, Mai Goro ake ce mata. Ranar Alhamis, bencin asibitin ƙashi, layin masu jiran a duba dungu. Mijinta direban babbar mota ne kafin hatsari, wata biyar gyambonsa bai rufe ba. Sista ce ta jawo, ita ta ɗaga ƙafar Baba ta ce kai, Baba, wane boka ka samu? Duk benci ya juyo. Na so ƙasa ta tsage. Mai Goro ta matso har cinyarta na taɓa tawa, ta ce ba sayen ta zan yi ba, koya min za ki yi, hannuna bai mutu ba.

In ce mata me? In ce a'a? Ga mijinta can ƙuda na bin bandejinsa.

Alhamis ta gaba ta zo da kwarashi. Ta bayanta ta zo da Maman 'Yan Biyu. Sai matar ɗan sanda, sai doguwar nan da ba ta cire safar hannu, sai yarinyar da take saƙa wa kanta, ita ce mai dungun, sai wasu biyu 'yan gida ɗaya. Suna ce min Malama. Malama Shiru. Malama, duba min nan, na ɓata ko? Ban taɓa gaya masa ba. Ba ɓoyewa na yi ba… ko ɓoyewa ce? Da me zan fara? Ya dawo a gajiye, yana maganar sifirin, ni in ce yau an kira ni Malama?

Barista ta ɗago kai. "Af, na manta ban tambaya ba. Wa ya saƙa?"

Ya nuna ni da haɓa. "Ita ce."

"Kai ka tsara mata, ta bi?"

Ƙafarsa ta daina rawa. Ka ce e mana. Ka ce e, a wuce wurin, ya zama naka, ya zama kai ka sa hannu ba ni ba — astagfirullah, me nake roƙo? Ya rantse a kan abin da bai sani ba?

"A'a," in ji shi. "Ni ban ma san yadda ake riƙe abin ba."

"To ai ba kai ne mai ƙirƙirar ba, Injiniya. Madam ce. Sunanta za a sa, ita za ta sa hannu."

Ya yi dariya. Na san dariyar nan, ita ya yi ranar da yatsansa ya tafi, yana riƙe da hannun yana cewa ba komai, saura tara da rabi. Shekara huɗu. Abokansa na gareji suna masa kirari, Injiniya ba digiri, Injiniya mai ƙafar ƙarfe, yana shanyewa, yana cewa ku jira takarda ta fito. Yau ga takarda za ta fito, da sunan mai tsumma.

Da ma ya yi fushi. Da ya ɓata rai, ya miƙe, ya ce mu tafi, da na samu hanya. Sai ya juyo yana murmushi, idonsa ja.

"Ashe da injiniya nake kwana ban sani ba. Sa hannu, Amarya. Ni da ke ai duk ɗaya ne. Ba mu fita hannu biyu ba."

Ba mu fita hannu biyu ba. Abin da ya rage masa ke nan. Wannan 'yar safar ce ta rage masa a shekara huɗu, ita ma na rabar a benci, kyauta, ina jin daɗi.

Injin buga takarda yana tari a bayanta. Shafi ɗaya. Biyu.

Jama'a. Ta ce ba a bayyana wa jama'a ba. To mutum nawa ne jama'a? Bakwai jama'a ne? Jama'a ai kasuwa ce, ko rediyo, ko a tara mutane a sa lasifika. Mu a lungu muke, bayan ɗakin hoton ƙashi, murya ƙasa-ƙasa kar Sista ta kore mu. Mata bakwai da kwarashi… Amma a salla mutum biyu ma jam'i ne. Biyu kacal. Kai, bar wannan, ba salla ake ba.

In na bi su fa? Ɗaya bayan ɗaya. Na san gidan Mai Goro, ita ta san na sauran. In ce don Allah ku rufa min asiri, kar ku ce ni na koya muku, kar ku koya wa kowa. Mai Goro ta rufe baki? Matar da take ba kujerar asibiti labari idan babu kowa? Ko in ce su dawo da su. In durƙusa gaban direba in zare safar daga dungunsa, in ce yi haƙuri Baba, ta zama ta takarda yanzu, koma wa gyambonka.

Ba zan iya ba. Ko a zuci ban iya zarewa ba, hannuna ya tsaya.

To in sa hannu in yi shiru. Shiru ai sana'ata ce. Wa zai sani? Ofishin nan ina, bencin asibiti ina? Barista ba za ta taɓa zama a can ba. Shekara ɗaya, biyu, kamfani ya karɓa, a fara yi da inji, a sa a leda, ya sayi injin fiƙe ƙarfe nasa na kansa, ya daina aro… sannan wata rana wani mai takalmi mai ƙyalli ya shiga asibiti ya ga tsohuwa tana saƙawa. Mama, wa ya koya miki? Malama Shiru ce, tun shekarar da aka yi kaza. A kira shi. A gaban abokansa a ce takardar ƙarya ce. Ya juyo ya kalle ni — ba zai yi faɗa ba, shi ba ya faɗa — ya ce Amarya, kin sani ranar nan?

Barista ta miƙo biro. Mai nauyi ne, sanyi kamar cokali. Ta sa yatsa inda zan rubuta. Ga sunana an buga, da manyan baƙaƙe, har da na Baba a gefensa. Ban taɓa ganin sunana da injin ya rubuta ba sai a katin asibiti. Yana da kyau. Subhanallahi, yana da kyau, ina so…

Bakwai ne kawai. Bakwai, kuma duk na san fuskokinsu. Bakwai ba —

Kore.

Mutumin tasha. Makon jiya, ina jiran mota da maganin Baba a jaka. Wani dattijo a kan dakali, ban taɓa ganinsa ba, ba ɗan layin Alhamis ba ne, ko hularsa ba irin ta nan ba ce. Ya cire ƙafar roba yana shan iska. Safar kore ce. Ni ban taɓa saƙa kore ba, cikin bakwai ɗin ma babu mai kore, fari muke saya a ƙulli ɗaya mu raba. Na matsa kamar ina neman inuwa. Ramukan suna nan. Ramin ƙashin yana nan. Kuma a gefen hagu, layi na tara, ɗan ƙulli ya fito kamar ƙurji.

Kuskurena ne. Ranar farko da na koya wa Mai Goro duk benci yana kallona, na zarga sau biyu a rami ɗaya, kunya ta hana ni cewa na ɓata. Ni na gyara a tawa tuntuni. Ita ta ɗauka haka ake yi. Ta koya wa wata, wata ta koya wa wata, har ya hau mota ya tafi garin da ban sani ba, ya dawo a ƙafar baƙo. Da ƙullin. Suna kirga shi, suna sa shi a layi na tara, don Malama ta sa.

Kuma na yi murna. Ranar har gida ina murmushi cikin mayafi, ya ce me aka ba ki a hanya, na ce ba komai.

Ba bakwai ba ne. Ban san ko nawa ba ne. Babu wanda ya sani.

"Madam? Akwai matsala ne?"

"Kunya ce, Barista," in ji shi. "Haka take. Ko sunanta aka tambaya sai na amsa mata."

"Ba kunya ba ce."

Ni na faɗa? Muryata ce. Barista ta cire tabarau ta ajiye a kan takardar. Shi kuma ya juyo da kujerarsa gaba ɗaya, ƙafafunta suka yi ƙara a tayil, yana kallona da sauran murmushin da bai gama sauka ba, yana jira in faɗi wani abu mai daɗi.

Biron yana hannuna har yanzu. Ban ajiye ba, ban rubuta ba.

Ta ina zan fara masa…