Katangar da Ta Ƙi Tsayuwa

Uzairu magini ba shi da babur, gonarsa ma ba ta taka kara ta karya ba, amma yana da suna, kuma yana ji da shi kamar ɗan fari. Daga Dangora har Tiga an san ginin Uzairu ba ya faɗuwa. Wanda bai sani ba, Uzairu da kansa zai sanar da shi.

Shi ya sa da ƙungiyar unguwa ta shiga gyara wa tsofaffi da marasa lafiya gidajensu saboda Allah, aka ba shi gidan Baba Hamman. Tsohon ya samu shanyewar ɓarin jiki, matarsa ta rasu, 'ya'yan suna Kano suna aiko da gaisuwa ta waya. Uzairu ya fasa dokin ƙofa ya yi gangare don keken tsohon ya riƙa wucewa, ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Saura katangar da damina ta rusa tsakaninsa da maƙwabciyarsa Goggo Balaraba, tsohuwar da bakinta ya gagari unguwa.

Ya ɗora tubali, ya yi yaɓe, ya tafi gida yana fito. Washegari ya tarar da giɓin ya dawo yadda yake.

"Awaki ne," in ji Baba Hamman, yana kallon sama.

Uzairu ya sake ɗorawa, ta sake zubewa. Wannan karon tsohon ya ce iska ce, alhali ko ganyen darbejiya bai motsa ba. Magana ta kai teburin mai shayi, 'yan acaɓa suka fara tare shi da "Injiniya, ta kwana kuwa?" Abin ya ci masa rai ƙwarai, har tuwo ya daina yi masa daɗi.

Ranar Juma'a ya haɗa har da siminti, ya kama hanyar masallaci, sai ya tuna ya bar hularsa. Yana shigowa ya ga Goggo Balaraba ta ci ɗamara tana kirɓar ɗanyen ginin da taɓarya, Baba Hamman na kan keke yana ba da umarni: "Ƙasa-ƙasa, Balaraba, nan ya fi laushi."

"Goggo, me na yi miki?" in ji Uzairu.

Ko kunya ba ta ji ba. "Kai ba ka yi min komai ba, ɗan nan. Gininka ne ƙarfi kamar na gidan yari, kafaɗata har ta sage. Ta nan nake miƙa wa tsohon nan kunu, ta nan nake zaginsa in ya ƙi sha. In na ce zan zagaya da gwiwoyin nan, sai la'asar."

"Ai da kun faɗa."

"Mu faɗa wa wa?" in ji Baba Hamman. "Yau ƙungiya ta ji, gobe liman, jibi a ce tsofaffi sun lalace." Sai ya rage murya. "Ranar da na faɗi a banɗaki, ta wannan giɓin ta jiyo nishina. In ka toshe shi, Uzairu, wari ne zai sanar da unguwa na tafi."

Uzairu ya so ya ci gaba da fushi, fushin ya ƙi. Tausayi ya kama shi har ya ji haushin kansa. Ya karɓi taɓaryar ya ƙarasa aikin da hannunsa, ya kwashe ɓaraguzan don kada Goggo ta yi tuntuɓe. Sallar Juma'ar da bai samu ba ke nan.

Da yamma a wurin mai shayi, Mujitaba shugaban ƙungiya ya tambaye shi labarin katanga, kowa ya ajiye kofi.

"Ta sake faɗuwa," in ji Uzairu. "Ta fi ƙarfina, ban iya ba."

Aka yi ta dariya har mai shayi ya ɓarar da madara. Har yau a Dangora Uzairu Ta-Faɗi ake kiransa, kuma yana amsawa.