Malam Abdul-Rahman a Gaban Allo

Alli na ƙara a jikin allo, zauren kuwa tsit, kamar ruwa ya cinye mutanen. Malam Abdul-Rahman ko duban abin da yake rubutawa ba ya yi. Ina amfanin dubawa, tunda idanun sun riga sun tafi? Hagunsa na laluben gefen allon, damansa na zana gidaje, gida cikin gida, yana cika su da lambobin Larabci.

'Yarsa Sahada, malamar lissafi a Maamobi, tana tsaye gefe tana fassarawa. Taron shekara ne na ƙungiyar masana lissafi, kuma sai da ta yi wata uku tana roƙo kafin a ba tsohon minti goma. Shekara arba'in yana rabon gado a unguwar Nima ta Accra, har ya ƙago hanyarsa ta kansa. Amma mujallar ƙungiyar ba ta buga aikin kowa sai na ɗan ƙungiya, ɗan ƙungiya kuwa sai mai digiri. Ƙofa ɗaya ta rage, kujerar girmamawa, guda ɗaya tak a shekara. In bai same ta ba, hanyar nan tare za a binne su.

Wani dakta ne ya ɗana masa tarko: maigida ya rasu, kafin a raba matarsa ta bi shi, sai 'ya'ya biyu, sai jika. Magada arba'in da bakwai. Aka buɗe kwamfutoci. Malam tambaya ɗaya ya yi, "Cikin 'ya'yan, wa ya riga wani?"

Wallahi ana can ana ƙwanƙwasar kwamfuta ya ajiye alli ya karkaɗe hannu. Daktan ya dubi allo, ya dubi na'urarsa, ya sake duban allo.

"Ei!" in ji wani farfesa mai furfura, ya cire tabarau ya miƙe. Layi bayan layi, zauren duka ya tashi.

Tun Sahada tana rarrafe take ganin Malam a kan tabarma yana wannan zane, ta ɗauka kowane uba haka yake yi. Ashe da abin mamaki take kwana take tashi ba ta sani ba! Tsoron ubanta ya kama ta, irin tsoron da ke kama mutum ranar da ya fara ganin teku.

* * *

Bayan cin abinci aka shiga harkar ƙungiya. Ma'aji ya karanta rahoto da muryar mai ta'aziyya: asusu ya bushe, rabin mutane ba su biya kuɗin shekara ba, zauren ma aro ne. Sai shugaba ya yi gyaran murya ya ce akwai suna na biyu a kan kujerar girmamawa, wani ɗan kwangila da ya yi alkawarin ba su ofis da mota. Mutumin ko taron bai zo ba.

Aka ce a ɗaga hannu. Sahada ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ita da ba ta taɓa ɓatan lissafi ba. Tara na Malam. Hamsin da biyu na mai mota, har da hannun farfesa mai furfura, wanda ya ɗaga yana kallon takalminsa.

Komai da Turanci aka yi, ita kuwa tuni harshenta ya ƙi fassara. Tafi ya ɓarke. Malam ya ji tafi, ya dafa sanda ya miƙe, ya ɗora hannu a ƙirji, ya sunkuya dama, ya sunkuya hagu. Tafin ya raunana, sannan ya ƙaru, don babu wanda ya san abin da zai yi da hannunsa in ya daina.

* * *

A trotro, motar hayar da suka hau zuwa gida, wajen Accra New Town, go-sulo ya riƙe su.

"Sahada, mutanen nan masu girma ne," in ji shi. "Kin ji yadda kujeru suka yi ƙara?"

"Na ji, Baaba."

"Mahaifiyarki ta ce zanena ɓata alli ne. Allah ya jiƙanta, da ta ga yau." Ya yi dariya, ya cusa hannu a aljihun rigarsa. "Kuɗin shekarar nawa ne? Kada a ce mutumin Nima ya shigo da bashi."

Ya lalubo tafin hannunta, ya sa mata sidi ɗari biyu masu ɗumi, ya naɗe mata yatsu a kai ɗaya bayan ɗaya.

"Gobe da sassafe ki kai musu. Ki ce su rubuta sunan da kyau."