Kwana Huɗu a Pauwa

Shekara goma sha shida Ishaya ya yi yana aikin malamin dabbobi, yana zaga ƙauyukan Ƙanƙara a kan babur, wani lokaci har a are shi zuwa Faskari da Sabuwa idan rigakafi ya yi yawa. Babu rugar da ba ta san shi ba. Amma wata Laraba a ƙarshen damina komai ya cakuɗe masa. Babur ya mutu a bayan 'Yargoje, ya yi ta turawa cikin taɓo har la'asar, maganin allurar da ya ɗauko ya sha rana ya lalace. Da ya isa ofis kuma, sabon shugabansu ya wanke shi tas a gaban ma'aikatan da shi ya koya musu riƙe sirinji.

Ya shigo gida ko takalmi bai cire ba, ya yagi takarda ya hau rubuta wasiƙar ajiye aiki. Dama abokinsa Gide ya daɗe yana masa naci su buɗe shagon maganin dabbobi a bakin kasuwar Ƙanƙara.

Matarsa Talatu ta ajiye masa ruwa, ta leƙa ta kafaɗarsa ta karanta.

"Baban Blessing, wannan takarda ce ko faɗa?"

"Duk wanda suka ɗauka. Gobe da safe zan kai musu."

"Ni ban hana ka ba," in ji ta, tana janye masa takalmin. "Kullum ka fita, zuciyata tana kan hanya har ka dawo. Amma tuwon da aka tuƙa cikin fushi, gudaji gare shi. Kana da hutun da ba ka ɗauka ba. Ka je Pauwa ka gaida Baba, gero ya nuna. In ka dawo ra'ayinka bai sauya ba, ni zan goge maka rigar da za ka sa ka kai ta."

Ya yi gunaguni, amma ya kai babur aka gyara, ya tafi.

Mahaifinsa, Baba Ɗanhausa, ya tsufa har ya ranƙwafa, amma kunnensa garau. Ya saurari labarin tun daga taɓo har zuwa shago. Da Ishaya ya gama, sai tsohon ya miƙa masa igiya.

"Akwai dami saba'in a gona suna jiran ɗauri."

Kwana biyu suna ɗauri da jida zuwa rumbu. Ranar farko Ishaya yana aiki yana maimaita wa kansa amsar da ya kamata ya ba shugaban nan. Rana ta biyu ya ga har ya fara manta kalmomin da mutumin ya faɗa. Bayansa kawai ke ciwo, da gwiwar nan ta dama da wani bijimi ya taɓa harba a Sabuwa.

A rana ta uku da hantsi maƙwabcinsu Malam Lawwali ya shigo a rikice: saniyar nomansa ta ci ɗanyen karmami, ciki ya kumbura kamar ganga. Ishaya ya yar da igiya. Ya sa aka ɗaga mata gaba a kan tudu, ya ɗura mata man gyaɗa, ya yi ta murza mata kwiɓi yana mata magana ƙasa-ƙasa, har ta yi wata gyatsa da ta sa matan gidan suka fashe da dariya.

A hanyar komawa gona Baba ya tsaya a gindin ɗorawa don ya huta.

"Na ga hannunka bai gaji da dabba ba," ya ce. "To mi ya gaji?"

Ishaya ya ce, "Gwiwa, Baba. Da hanya. Kuma Blessing ta gama firamare ban taɓa zuwa makarantarsu ba ko sau ɗaya."

"Wannan kau dalili ne. Wancan da ka zo da shi ranar farko, zafin rai ne. Ni ma da na bar farauta sai da na yi damina biyu ina shawara, uwarka tana mini dariya." Ya gyara riƙon sandarsa. "In ka zauna a shago, wa zai je wa mutanen daji?"

Ishaya bai taɓa tunanin wannan ba.

Ya kwana ɗaya a kai, washegari ya koma Ƙanƙara da damin gero biyu a bayan babur. Kafin ya shiga gida ya biya wajen Gide. Ya ce masa zai zo shagon, amma sai bayan rigakafin rani, kuma ranakun Litinin da Alhamis zai riƙa fita ruga, ko an biya ko ba a biya ba. Gide ya yi ƙorafi kaɗan, ya yarda.

Sabuwar takardar layi biyar ce kacal, har da godiya a ciki. Shugaban ya karanta sau biyu, ya sosa ƙeya, ya ce wancan karon shi ma ya yi saurin baki. Wata biyar ɗin da suka rage Ishaya ya yi su yana zagawa da wadda za ta gaje shi, Rukayya, yana nuna mata hanyoyi da gidajen ardo-ardo, da rugar da ba a shiga sai an fara gaida tsohuwa.

Ranar da aka buɗe shago ta faɗo ranar kasuwa. Kafin azahar an ɗaure awaki bakwai a jikin turken rumfarsa, masu su sun ƙi sayen komai sai malam ya duba da kansa. Talatu ta iso da kwanon abinci, ta rasa inda za ta taka.

"Ashe shago ka buɗe ko garke?" ta ce.

Ishaya yana durƙushe yana duba haƙoran wata akuya. Ya ce ta ajiye kwanon a sama, don waccan ja ɗin ɓarauniya ce.